Shan Mai: Waiwaye Daga Rumfar Inji a Gude

Shekarun baya, in ka ga mai inji a Gude ya aika a kira masa bakanike, ɗayan biyu ne: ko injin ya ƙi tashi, ko ya mutu ana tsakiyar niƙa, kwanukan mutane na jere a ƙasa. Muddin yana tashi yana jan bel, to lafiyarsa ƙalau a wurin mai shi, ko da hayaƙinsa ya mayar da bangon rumfa baƙi ƙirin. A wancan zamani ban taɓa jin wanda ya ɗauko bakanike tun daga Gwarzo ko Kabo don kawai injinsa ya ƙara rabin lita a kan abin da ya saba sha ba. Yau wannan ƙorafin ne a kan gaba. Inji na tashi, yana aiki, ba ya wani baƙon kuka, amma mai shi ya kasa barci, domin jarkar da ke kai shi kwana uku ta koma ƙarewa a biyu.

Tsadar man gas ce ta kawo wannan, ba wata sabuwar wayewa ba. Tun 2003, zamanin Obasanjo, gwamnati ta zare hannunta daga farashin gas ta bar shi ga kasuwa, shekara ashirin kafin a yi wa fetur haka a watan Mayun 2023. Duk da haka ya daɗe yana hawa a hankali, mutane na gunaguni suna saye. A Janairun 2022, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, matsakaicin kuɗin lita naira 288 ne. Sai yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairu, kafin shekarar ta fita lita ta haura naira 800. A farkon 2024, bayan naira ta faɗi, ta wuce 1,400 a wurare da yawa, sai da matatar Ɗangote ta fara sayar da nata a watan Afrilu aka ɗan sami sassauci.

A ɗauka inji na ƙona rabin lita a banza kowace awa, kuma yana aikin awa shida a yini. Lita uku ke nan. A farkon 2022 wannan asarar ba ta kai naira dubu ba. Shekara biyu bayan haka ta haura dubu huɗu, kullum ta Allah, a sana'ar da ake tara kuɗinta kwano-kwano daga hannun yara 'yan aike. Mutumin da ya yi shekara ashirin bai taɓa ɗaga kai ya kalli bakin salansa ba, dole ya fara kallo.

Injin da muka buɗi ido muka gani irin na Lister ne, wanda wani kamfani a garin Dursley na Ingila ya fara ƙerawa wajen 1930, daga baya maƙeran Rajkot a Indiya suka kwaikwaya suka cika duniya da shi. Doki shida ne, silinda ɗaya, da manyan wili biyu na ƙarfe waɗanda ƙato ɗaya ba ya ɗaga su. Juyi 650 yake yi a minti, shi ya sa kana iya ƙirga bugunsa daga bayan gari. Ana kafa shi a kan siminti, a ajiye masa duron ruwa a gefe, a fitar da salansa ta bango. Ko an ɗora masa iyakar kayan da zai iya, shansa bai cika kai lita ɗaya da rabi a awa ba. Kuma saboda nawarsa komai nasa a fili yake. In bawul ya saki za ka ji, in nozul ya gaji za ka ji, domin tsakanin bugu da bugu akwai sararin da kunne zai saurara.

Daga baya 'yan Chana suka shigo, irin su Changfa da Changchai, masu tukunyar ruwa a ka tana tafasa ana ƙara mata da bokiti. Sun fi arha nesa ba kusa ba, sun fi ƙarfi, mutum huɗu na iya ɗora ɗaya a amalanke a kai shi gona a yi sussukar masara ko casar shinkafa. Ba na cikin masu zaginsu. Da ba don su ba, da yawa daga masu inji a ƙauyukan Kabo, daga Garo zuwa Durun da Godiya, ba za su taɓa mallakar nasu na kansu ba. Sai dai injin da ke juyi dubu biyu ko fiye a minti ba ya ba kunne wannan sarari, kuma yana cin jikinsa da wuri. Mai doki goma sha biyar, in yana da lafiya aka cika masa kaya, yana shan wajen lita uku a awa. In ya fara lalacewa ba ya tsayawa, sai dai ya ci gaba da aiki yana ƙara sha kaɗan-kaɗan, yadda ba mai lura sai aljihu ya gaya masa.

Injin gas ba shi da fulogi. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin goma sha shida zuwa ashirin na girmanta, ta ɗauki zafin da ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mata gas ya kama da kansa. Wannan ita ce dabarar da Bajamushe Rudolf Diesel ya tabbatar da ita a 1897, kuma har yau ba ta canja ba. Ke nan abu uku ke ƙona gas yadda ya kamata: wadatacciyar iska, matsi mai ƙarfi, da feshi mai laushi a daidai lokacinsa. Duk gas ɗin da ya shiga bai sami waɗannan ba, biyansa aka yi ya fita ta salansa a matsayin hayaƙi.

A cikin ukun, iska ce aka fi rainawa, don ba saye ake ba. Alhali kowace lita guda ta gas tana buƙatar iskar da ta haura lita dubu goma kafin ta ƙone sarai. To, ka duba irin iskar da injin Gude ke shaƙa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ne. A rumfar niƙa garin dawa da na masara na tashi yini guda, har girar mai inji ta yi fari. A masussuka kuwa ƙaiƙayi ne ke yawo, injin na tsakiyarsa. Tsofaffin injuna da taraktoci suna da filtar iska mai kwanon baƙin mai a ƙasa, ƙura ta faɗa ta nutse a ciki. Aikinta kawai a zubar da laka a wanke a sa sabon mai, lokacin casa ma kullum. Na yanzu da yawa takarda ce. Ta toshe, sabuwa kuɗi ce, sai yaro ya buga ta a jikin taya, ko ya wanke ta da ruwa ta ɓule, ko a cire ta gaba ɗaya a ɗaura tsohuwar safa a bakin bututun. Na ga wannan safar a rumfuna fiye da yadda zan so. Toshewa na sa shan mai yau, cirewa kuwa na sa shan mai har abada, domin ƙurar da ta wuce ita ce ke goge ringi da silinda, matsi ya tafi.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ba ni haushi. Inji ya rasa iska, ƙarfinsa ya ragu, da an zuba hatsi sai ya durƙusa. A jikin famfon gas akwai wani sukuru da ke iyakance yawan man da zai tura, wanda kamfani ya saita ya ɗaure da waya da darma don kada a taɓa. Sai a sami wani gwani ya tsinke wayar ya murza sukurun, ya ce ya "buɗe masa mai". Nan take injin ya ɗan farfaɗo, mai shi ya yi murna ya biya. Kamar murhu ne da aka toshe wa kafar iska aka yi ta cusa masa itace: hayaƙi zai turnuƙe gida, tukunya ba ta tafasa ba. Ka zaga rumfunan inji daga Gude har Getso ka duba, da wuya ka sami famfon da darmarsa ke nan.

Akwai wani dattijon bakanike da ke zuwa mana daga Gwarzo a kan tsohon babur, Allah ya jiƙansa, wanda a wurinsa na fara ganin ana bin wannan lamari daki-daki. Wata rana wani Alhaji mai injin casa ya kira shi, tun kafin ya kafe babur ya tare shi da cewa famfo ne, a kwance a kai Kano.

"Alhaji, bari in sha ruwa tukuna. Nawa yake sha?"

"Da yawa, Malam."

"Da yawa nawa? A buhu nawa?"

Alhaji ya juya ya kalli yaronsa, yaron ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya sani.

Dattijon bai taɓa famfo ba. Ya sa aka tada injin ya tsaya nesa yana kallon salansa, ba kaya, sannan da kaya. Ya zare filtar iska na ɗan lokaci, hayaƙin ya ragu amma bai ɗauke ba. Ya sa aka kashe. Ya kwance nozul ya fito da shi, ya sake ɗaura shi a bututunsa a waje, bakinsa na kallon wani tsohon kwali. Ya ce wa yaron, "Kai, juya hannun nan, amma ka janye yatsunka daga gabansa." Gargaɗin ba na wasa ba ne. Gas na fita daga nan da matsin da ya ninka na tayar mota kusan sau ɗari, yana huda fata ya shiga nama, mutum na iya rasa yatsa. Lafiyayyen nozul yana feshi ne da wata 'yar ƙara mai kaifi, gas ya fito ya zama hazo, ya yanke tsaf, bakinsa ya zauna a bushe. Na Alhaji tsartuwa ya yi gefe guda, sannan wani ɗigo ya taru a bakinsa ya faɗo a kan kwalin. Dattijon ya nuna ɗigon da sukudireba ya ce, "Ga ɓarawonka nan, Alhaji." Kan nozul aka canja aka wanke filta. Famfon da aka so a kai Kano ya ƙara shekaru yana aiki.

Sauran bincikensa duk da ido da hannu ne. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan ko kaya ya fi ƙarfin inji. Fari mai yaji a ido, gas ne bai ƙone ba, galibi taimin ya yi latti ko matsi ya yi rauni. In kuwa farin ba ya yaji kuma ruwa na raguwa, a duba gaskit. Shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke hawa yana ƙonewa. Matsi kuma yakan gwada shi ta hanyar juya wili da hannu ba tare da ɗaga ɗan ƙarfen sakin numfashi ba. In wilin ya tokare ya dawo baya, ringi da bawul na nan da ransu, in ya wuce salin-alin ana jin huci, sai a shirya kuɗin aiki. Yakan buɗe murfin baƙin mai injin na tafiya ya ga ko yana fitar da hayaƙi ta nan. Taimin ɗin 'yan Chana da 'yan siraran faranti ake saita shi a ƙarƙashin famfo, kuma ya sha kama inda wani ya kwance ya yar da ɗaya bai san amfaninsa ba.

Shi kansa gas ɗin ya canja a tsawon shekarun nan, ta hanyar da ke ba ni dariya wani lokaci. Zamanin da kananzir ke da tallafi, farashin gwamnati naira 50, babbar cuwa-cuwar ita ce a sirka gas da shi. Kananzir ba shi da santsin gas, kuma famfo da nozul da santsin man da ke ratsa su suke rayuwa, don haka sirki na cinye su a hankali, ga shi ƙarfinsa a lita bai kai na gas ba. Tun da aka janye tallafin a 2016 kananzir ya yi ta hawa har ya zo yana gogayya da gas, wani lokaci ma ya fi shi tsada. Yau wanda ya zuba kananzir a gas sadaka ya yi. Abin tsoro yanzu shi ne gas ɗin da ba a san asalinsa ba, har da irin wanda ake dafawa ta haramtacciyar hanya a dazuzzukan Neja Delta, da kuma ruwa da tsatsa na gindin duro. Mai inji a ƙauye ba daga famfon gidan mai yake saye kullum ba, sau da yawa galan-galan yake karɓa a hannun 'yan bumburutu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba a farar kwalba a ajiye ya kwana, ruwa da datti za su kwanta a ƙasa.

Akwai kuma abin da kwalba ba ta nunawa. A 2016 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa gas mai yawan sinadarin farar wuta su turo Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, ta Turai kuwa 10 kacal. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Farar wutar nan in ta ƙone ta gamu da danshi takan zama asid a cikin baƙin mai, ta ci ringi da silinda. Ke nan shekara da shekaru injunanmu na tsufa da wuri saboda abin da ba mai inji ne ya jawo ba, balle yaronsa.

Wani lokaci kuma inji lafiyarsa lau, abin da aka ɗaura masa ne ba shi da lafiya. Farantan niƙa in haƙoransu sun dakushe, sai an matse su sosai an maimaita gari sau biyu ko uku kafin ya yi laushi, kuma kowane zagaye gas ne. Bel ya saki yana sulɓi, boris ya bushe ba giris, hatsi bai gama bushewa ba, duka a tanki ake biyansu. A tarakta, garmar da faifanta ya cije, ko tayar baya da ta suɗe tana juyawa a wuri ɗaya, ko direban da ke aikin haro a ƙaramar giya ya taka totur har ƙasa, alhali da ya ƙara giya ya sassauta ƙafa aikin ɗaya ne, man ya ragu. Janareta babba da aka kunna don fanka biyu da firji ɗaya tana shan kasonta ko ba kaya, har ta fara zubar da baƙin ruwa ta salansa.

Sai tsohuwar al'adar garejinmu ta cire tamostat, ɗan abin da ke daidaita zafin ruwan inji. Tun zamanin taraktocin Fiat da ake haɗawa a Kano da Steyr na Bauci da manyan motoci 911, da zarar mota ta shigo hannu sai a zare shi a yar, wai na ƙasar sanyi ne. Injin gas yana son ruwansa ya tsaya tsakanin digiri 80 da 90. In aka bar shi yana aiki da sanyi, musamman da asubar hunturu, gas ba ya ƙonewa duka, wani ya gangara ta jikin silinda ya wanke baƙin mai. Injin da ke zafi fiye da kima lagiretonsa ne ya toshe da ƙaiƙayi, ko bel ɗin fanka ya saki. A can maganin yake.

Duk waɗannan na ƙarfe ne, ana gyara su da sifana. Wanda ba ya gyaruwa da sifana shi ne zargi. Tun da gas ya yi tsada, mutum na farko da ake tuhuma in tanki ya yi saurin ƙarewa shi ne yaron inji ko direba. Ba na cewa ba a sata. Ana yi, kowa ya san inda tiyo ke shiga tankin babbar mota da dare, kuma 'yan bumburutu ba daga sama kayansu ke faɗowa ba. Amma na san wani mai tarakta a yankinmu da ya sallami direbansa, ɗan ƙanwar matarsa ma, ana tsakiyar damina, a kan gas na ɓacewa. Yaron ya yi rantsuwa har da hawaye, "Wallahi Baba ban taɓa ɗiban ko cokali ba," ba a saurare shi ba. Aka kawo sabon direba, shan bai ragu ba. Sai ranar da za a yi sabis aka zaro geji aka ga baƙin mai ya haura alama, ya tsinke, yana warin gas. Ɗan ƙaramin famfon da ke turo mai daga tanki ne fatarsa ta yage, gas na zuba kai tsaye cikin kaskon baƙin mai. An bar jaki an daki taiki. An canja fata da kuɗi kaɗan, amma gidajen biyu sun daɗe ba sa gaisawa yadda suka saba.

Abin da tsadar nan ta koya wa wasu, kuma ina ganin shi ne alherinta guda, shi ne awo. Yanzu akwai masu injin da ke ajiye littafin makaranta mai layi a rumfa, kowace rana a rubuta lita nawa aka zuba, tiya nawa aka niƙa ko buhu nawa aka casa. Awa ba ta faɗin gaskiya, don awar da aka yi ana jiran masu niƙa ba ɗaya take da awar aiki ba. In ana son tabbaci sai a zare tiyon tanki a tsoma shi a gorar ruwa mai lita ɗaya, a haɗa da siririn tiyon da ke dawo da ragowar gas daga nozul, shi ma ya zuba a gorar, in ba haka ba lissafi zai yi ƙarya. A tada inji a yi ta zuba hatsi har gorar ta ƙare, a ƙirga. Wanda ya yi haka lokacin da injinsa ke sabo, ko ranar da aka gama masa aiki, ya sami ma'aunin da zai riƙa komawa gare shi. In gora ta ce shan bai canja ba amma jarka na ƙarewa, sai a bi tiyo da gindin tanki a nemi danshi, sannan a zo kan mutum.

Awon ya canja har yadda ake niƙa. Da, injin kan tashi da hantsi ya yi ta bugu ko babu kowa, ƙararsa ce ma ke sanar da unguwa an buɗe. Yanzu sai kwanuka sun taru. Yarinya ta zo da tiya guda a ce mata, "Je ki gaya wa Inna sai bayan la'asar." Matan aure sun koyi haɗa niƙansu da na maƙwabta, tuwon dare kuma ya koma bin jadawalin mai inji.

A gefe guda injunan kansu suna shigewa inda kunne da ido ba sa kaiwa. Famfon layi irin wanda Bosch ya fara ƙerawa a 1927, wanda bakanikenmu ya san cikinsa da wajensa, yana ba da wuri ga sabon tsarin da ya fara shiga ƙananan motoci a 1997, inda gas ke taruwa a bututu guda da matsin da ya ninka na da wajen sau goma, kwamfuta ce ke buɗe kowane nozul. Sababbin manyan motoci da Hilux da wasu taraktoci duk haka suke zuwa. Suna da tsimin mai in suna da lafiya, amma ruwa kaɗan a gas na iya kashe nozul ɗin da kuɗinsa ya fi na injin niƙa sukutum. In irin wannan ta fara sha, dalilin na iya zama wata 'yar na'urar auna iska da ƙura ta rufe, ko tiyon turbo da ya tsage, kuma ba a sani sai an jona mata kwamfuta a Kano. Ba a fitar da nozul ɗinta a gwada a kan kwali. Wanda ya gwada haka da ransa yake wasa.

Kayan gyara ma sun zama abin lura. A Ƙofar Ruwa za ka sami kan nozul iri uku a kwali iri ɗaya, kuɗi daban-daban, mai shago na gaskiya zai gaya maka wanne ne wanne in ka tambaya. Mai inji da gas ya riga ya tatse shi yakan ɗauki na ƙasa, bayan wata biyu ɗigon ya dawo.

Sola ta ɗauke wani kaso na wannan ciwon kai. Rijiyoyin burtsatse da yawa da ke dogara da janareta sun koma hasken rana, masu noman rani a bakin madatsun ruwan yankin, irin su Guzuguzu da Magaga, wasu sun sayi famfon sola, wasu sun juya na fetur zuwa gas ɗin girki bayan 2023. Amma casa da sussuka da huɗa da dakon hatsi zuwa Dawanau suna nan a kan gas, kuma za su daɗe a kai. Abin da nake ganin yankin ke buƙata ba shi da girma: na'urar gwada nozul ta hannu, mai ɗan famfo da agogon matsi, wadda ba ta buƙatar lantarki, ana ɗaure ta a kan benci. Da ita ake sanin ko nozul na buɗewa a matsin da kamfani ya ce, a saita shi maimakon a yi ta canji da ka. Masu inji goma na iya haɗa kuɗi su saya. Wahalar ita ce samun wanda zai zauna shekara uku a gaban bakanike ya koyi karanta ta, domin samarin da a da za a kai gareji, yanzu wasu na kan babur suna haya, wasu na kan rufin kwano suna ɗaura farantan sola.